Muryar da Ta Tsufa a Cikin Rediyo

Zuwa ga Yaya Mai Kunne,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da harkar shago. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar Gwaggo, yayar Baba, da ya ƙi rabuwa da ita, da yara da ke neman cinye mu da rai.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutu. Ni ce Auta, 'yar marigayi tela. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito. Rabona da kai tun ranar da ka zo ta'aziyyar Baba, ina 'yar firamare. Na so in kira ka, Gwaggo ta ce kada in wahalar da kaina, wai ba ka son magana a waya don tana matse muryar mutum. Shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da ke cikin ƙunshin nan kaset ne, kuma shi kaɗai ya rage mini na muryar Baba. Wata rana yana ɗinki abokinsa ya zo da rikoda, sai ya ture keke gefe, ya ɗauki jitarsa ya yi waƙoƙi biyu. Tun rasuwarsa nake sauraronsa a ƙaramar rediyon da ya bari. Ta bi ni makaranta, ta bi ni gidan miji, ta samu wurin zama a kan firij. A watan jiya ta tauna kaset ɗin. Na zaro zaren da tsinke, na manne inda ya tsinke da jan farce. Mai gyaran unguwarmu ya ce rediyon ta gama aiki, kafin in dawo daga asibiti maigidan ya ba masu sayen tsohon ƙarfe. Ya sha shiru a wurina har ya gaji.

An ce duk dangi ba mai kunne irin naka, kuma kayan sautin da kake sayarwa sai manya. Don Allah ka juye mini shi a faifai, yarana su ci gaba da jin kakansu. Za ka ji muryar da kanka, mai kauri ce, irin wadda in ya ja baiti sai ka ji ta a ƙirjinka. Ka riƙe shi da kyau, ba ni da wani.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Na amsa sallamarki, kuma na ji daɗin ganin rubutunki. Muna lafiya ƙalau, sai murar da ta toshe mini kunne ɗaya, wadda ita ta sa na jinkirta. Ba na taɓa aikin sauti da kunne ɗaya. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce ta rage hawa bene.

Jan farce, Auta! Allah ya yafe miki. Na yanke wurin na haɗa shi da tef ɗin da aka yi don haka, na sake wa zaren gida. Sai na kai shi ɗakin baya, inda ba na barin kowa ya shiga da takalmi. Labule mai kauri a bango, darduma a ƙasa, kujera ɗaya tak a tsakanin lasifika biyu. Nan nake sauraron duk abin da na ɗauka da muhimmanci.

Bari in gaya miki abin da mutane ba su sani ba. Kullum ana shigo mini shago ana cewa a ba su mai bes, wanda zai girgiza taga. Wannan ba zaƙin sauti ba ne, hayaniya ce. Sauti mai kyau shi ne ki rufe ido ki san wannan katako ne, wannan tsirkiya ce, wannan kuma mutum ne mai hanci da haƙora. Yawancin muryar ɗan Adam a tsakiya take zaune. Ƙasanta ƙirji ne, samanta numfashi ne da bugun harshe a haƙori. In an cika ƙasan, sai ya danne tsakiyar, kamar shayin da sukari ya yi wa yawa har ba a jin ganyen. In an cika saman, sai ta riƙa soka kunne. Na'ura ta gari ba ta ƙarawa, ba ta ragewa, abin da aka ba ta shi take miƙawa.

Haka na yi da kaset ɗinki. Ban goge shuuu ɗin da ke bayansa duka ba, don in an matsa masa da gogewa numfashin mai waƙa yana tafiya tare da shi. Ki saurari jitar, har zamewar yatsa a kan tsirkiya za ki ji. Ba yabon kai ba, aikin ya fita.

Ga faifan nan. Ki ari na'ura ta kirki, kada ki jingina lasifika da bango, kuma don girman Allah ba a kan firij ba. Kaset ɗin na ajiye shi a nan cikin akwati, wurina ya fi sanyi.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Ina fata murar ta sake ka.

Wane ne wannan ka aiko mini?

Na yi duk yadda ka ce. Maigidan ya aro na'urar maƙwabcinmu, muka janye lasifika daga bango. Na yi wa yara wanka, na zaunar da su a tabarma, na ce yau za su sake jin kakansu, mutumin da in ya yi waƙa ɗaki ke cika. Na danna. Sai ga wata siririyar murya tana sauri kamar an biyo mai ita. Na ɗauka kuskure ne, na ce ko ka haɗa da kayan wani mai sayayya. Amma kalmomin nasa ne, waƙar tasa ce. Ƙaramar ta dube ni ta ce, “Mama, kakan namu yaro ne?” Suka fashe da dariya, har ubansu ya juya baya yana gyara murya. Na tashi na kashe.

Waƙar farko na san tsawonta kamar tafin hannuna. In na sa ta na fara wanke-wanken safe, tare muke gamawa. Washegari na gwada taka, ta ƙare da sauran tukwane a gabana. Ina ka kai sauran? Ina ƙirjin? Ka tsotse masa jiki ka bar mini ƙashi, sannan kana ce mini in saurari zamewar yatsa. Ni ba yatsa na aiko maka ba.

Ban san me na'urorinka masu tsada suka yi masa ba, kuma ba na son a yi mini bayani da labule da darduma. Ka dawo mini da kaset ɗina ta hannun direban da ya kawo wannan. In ka lalata shi ma, ka faɗa mini gaskiya.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Na sami wasiƙarki. Muna lafiya, kunne ya buɗe sarai, don haka abin da zan faɗa ba mura ba ce.

Ban lalata komai ba. Ga kaset ɗinki nan, ya fi yadda ya zo lafiya. Tukwanen da kika ambata su suka gaya mini inda matsalar take. A cikin kowace rediyo mai kaset akwai wata 'yar roba da ke juya zaren. In ta tsufa sai ta saki, juyin ya ragu. In juyi ya ragu, waƙa tana ƙara tsawo, murya tana yin ƙasa, tana kauri. Ba a rana ɗaya take yi ba, kaɗan-kaɗan ne, shekara bayan shekara, yadda kunne ba zai ankara ba. Ƙarfen da ke karanta zaren shi ma yana cinyewa, sai saman sautin ya dushe. Kika kuma ɗora ta a kan firij, wanda shi kansa akwati ne mai amsa amo. Duk kaurin da kike nema daga nan ya fito.

Kada ki ce ra'ayina ne. Ranar da aka ɗauki waƙar rikodar tana jone da wuta, kuma ta ɗauki ɗan gunjin lantarki a ƙarƙashin komai. Wannan gunjin muryarsa ɗaya ce, ba ta canzawa. Na daidaita juyin har gunjin ya zauna daidai inda ya kamata, jitar ma ta faɗa wurinta. In gunjin ya yi daidai, mutumin ma ya yi daidai.

Don haka ki yi haƙuri, abin da kike saurare shekara da shekaru ba mahaifinki ba ne, roba ce da ta saki. Wanda ke cikin faifan shi ne shi. Na yi shekaru a sana'ar nan ba a taɓa ce mini na tsotse wa wani jiki ba.

Yayanki

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama. Ina fata ku duka kuna lafiya, da Gwaggo da gwiwarta. Mu ma lafiya, in ban da ni da barci ya yi wa ƙaranci.

Watanni sun shuɗe ba ki ce komai ba. Duk zuwan direba sai in leƙa hannunsa, sai ya ce babu saƙo. Da farko na ce gaskiya ce ta yi miki ɗaci. Rannan muna cin abinci na ba matata labari, ina jin kaina, har na maimaita mata maganar robar da ta saki. Ta ajiye cokali ta ce, “Marainiya ka rubuta wa haka?” Na ce ai gaskiya ce. Ta ce, “Ta ce maka ba ta da wani, kai kuma ka ce mata wanda take da shi ma ba shi ba ne. Sannu da aiki.” Ta kwashe kwanonin ban gama ba.

Auta, kunya ta hana ni sakat. Ko muryar mahaifinki ban riƙe ba. Ganina da shi bai taka kara ya karya ba, a taron dangi ne, ina saurayi ina ta kaina. Gunjin lantarki na sani, ban san mutumin ba, amma na yi miki magana kamar tare muka tashi.

Ga abin da na yi. A ƙarƙashin teburin gyara akwai tarin matattun rediyo. Na tono wata irin taki, na sa mata tsohuwar roba da na jiƙa a ruwan zafi na ja ta har ta saki. Na juye waƙar a sabon kaset, na ɗora rediyon a kan firij ɗin shago, na kafa makirfo a gabanta. Sai da na rufe ƙofa, don kada maƙwabta su ga abin da Mai Kunne yake yi. Ban san iya inda taki ta kai ba, sai na sa matata ta yi wanke-wanken safe ina rage juyi, har suka gama tare.

Duk abin da na ce miki na'ura ta gari ba ta yi, shi na yi da hannuna. Saman ya dushe, ƙasan ya kumbura, jitar kamar an lulluɓe ta da bargo. In wani mai sana'a ya ji ya san ni na yi, ba zan iya haɗa ido da shi ba. Amma wannan kika aiko nema, ni kuma na ba ki darasi. Ga faifan nan, na yi masa alama da jan biro. Ki yafe mini.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya da iyali. Muna nan ƙalau, Gwaggo ma ta samu sauƙi har tana zagaya tsakar gida.

Tunda ba ka sake rubutowa ba na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Da na karanta maganar robar nan, na jefa faifanka saman kabad, na ce ni da kai sai a lahira. Amma abin yana cina. A makon jiya na ce bari in kai ƙararka wurin Gwaggo, tunda ita ta goya Baba, ta ji da kunnenta yadda ka yi masa, ta aiko maka da abin da ya dace. Na ɗauki na'urar maƙwabci a tasi har gidanta. Ban gaya mata ko wane ne ba, na ce dai ta saurari wata ɓarna. Tana zaune a bakin gado tana ninke kaya.

Ko baitin farko bai ƙare ba ta saki zanin da ke hannunta. Ta ce, “Kanari!” Ta waiga ƙofa, Yaya, wallahi ƙofa ta waiga. Na ce wane ne Kanari? Ta ce, “Ubanki mana. Sunan da muke tsokanarsa da shi ke nan, don muryarsa siririya ce tun yana yaro, in ya yi sallama daga waje sai a ɗauka mace ce. Ya sha kuka a kan sunan nan.” Na ce ba haka nake jin sa a rediyo ba. Ta ce, “Wannan rediyon taki? Ai duk zuwana gidanki in na ji ta sai in ce a raina wane tsoho ne wannan yake rera waƙar ƙanena. Na ga kina so, na yi shiru.” Ta sa na maimaita mata har la'asar, tana kuka tana dariya.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, “Kin manta bai tsufa ba? Bai kai shekarunki na yanzu ba ya tafi.”

Ban taɓa lissafa haka ba. Ina girma muryar tana tsufa tare da ni, har na yi wa kaina dattijon uba mai faɗin ƙirji. Ashe na girme shi.

Zagin da na yi maka yana damuna, amma akwai wanda ya fi shi. Ranar nan Baba ya buɗe baki da ainihin muryarsa a gaban jikokinsa karo na farko, suka yi dariya, ni kuma maimakon in tsawata musu sai na ji kunyarsa na tashi na kashe shi. Abin da aka yi masa yana yaro, shi 'yarsa ta yi masa. Ka yi haƙuri da abin da na rubuta. Aikinka daidai yake.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya. A tsaye nake rubutu, direba yana jira.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Ranar da ƙunshina ya tafi, ranar taki ta taso. Na karanta labarin Gwaggo, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kin samu mahaifinki da ƙyar, ni kuma na aiko miki da na jabu har gida. Faifan mai jan biro kada ki sa shi. Ki karya shi, ko ki ba yara su yi wasa da shi. Na yi kuskure da na faɗa miki gaskiya babu tausayi, na sake yin wani da na ji tausayi na yi miki ƙarya.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya Mai Kunne,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, ina fata ku ma haka. Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina godiya da wanke-wanke.

Takardarka ta makara. Ƙunshin ya riga ta isowa, kuma a ranar na sa shi.

Ba zan ɓoye maka ba. Yara suna makaranta, ni kaɗai ce a gida. Yana fara waƙa na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba tun da aka fitar da rediyon. Ka iya ƙarya, Yaya, ka kama shi sak. Wannan shi ne wanda ya raka ni jarrabawa, ya raka ni haihuwa. Na san roba ce, Gwaggo ta faɗa, kai ma ka faɗa, amma jikina bai san haka ba. Na kwana biyu ina sa shi a ɓoye kamar mai satar nama a tukunya. In na ji motsin maigidan sai in cire in mayar da ɗayan. Ina kunyar in ce na fi son wanda ba a taɓa haifa ba a kan wanda ya haife ni.

Shekaranjiya babbar 'yata ta tarar da su biyun a kan tebur. Ta ɗaga su ta ce, “Mama, wanne ne kakanmu?” Sai na nuna mata na gaskiyar. Na tara su na sake sawa, na ce sunansa Kanari, kuma duk wanda ya yi dariya ni da shi ne. Ba wanda ya yi. Ƙaramar ma ta kama amshin.

Mai jan biron yana cikin ƙunshin nan. Ban iya karya shi ba, kuma in yana gidan nan ba zan taɓa sauraron ɗayan ba. Ka ajiye shi a akwatinka. In na rubuto ina roƙonsa, kada ka ba ni.

Yanzu kowace safiya ina zama tsakanin lasifikan nan biyu in saurari wani saurayi da ban sani ba. Har yanzu baƙo ne a kunnena, ba na jin komai a ƙirji, kuma hakan yana sa ni jin nauyinsa. Amma ina jin abubuwan da ka ce. Ina jin inda yake jan numfashi, ina jin yana murmushi a tsakiyar wata kalma. Akwai wani wuri kafin waƙa ta biyu da a tsohuwar rediyo nake jin wani gurr, duk shekarun nan na ɗauka kujera aka ja. Jiya ina shanya kofuna aka zo wurin, sai na ji ashe tari ya yi, ɗan siririn tari na mutumin da ƙurar yadi ta shiga wa maƙogwaro.

Kafin in ankara na ce masa, “Sannu, Baba.”

Ƙanwarka,
Auta